Kamun kirafi a tafkin Grenada: wane mako za a je, kuma me kuɗin jagora ke saya?

Wani ɗan'uwa da ke aiki a birnin Memfis na jihar Tenesi ya rubuto cewa abokan aikinsa biyu suna so ya haɗa kuɗi da su, su ɗauki jagora, su je kamun kifin kirafi a tafkin Grenada da ke jihar Misisipi da zarar sanyi ya janye. Bai taɓa riƙe sandar fatsa a Amurka ba. Yana tambaya ko kuɗin jagoran ya cancanci a kashe, wane mako ya fi, kuma me zai tarar idan ya je.

Ka je, ɗan'uwa, kuma ku ɗauki jagoran. A wannan tafkin, baƙon da ya ɗauki hayar jirgi ya shiga shi kaɗai a watan Maris yana iya yini cur bai ga kifi ko ɗaya ba, ga wani jirgin can gefensa ana ta ɗagowa. Sai dai ina so ka san abin da kuɗinku zai saya tun kafin ku tashi, domin da yawa suna zuwa da tunanin kifi suka biya. Abin da za ku biya shi ne sanin inda ruwa ya kai a wannan makon, da ɗuminsa, da launinsa, da inda kifin ya koma tun daren jiya. Irin wannan sani ba ya kwana uku bai tsufa ba. Wanda ke kan ruwan kullum ne kaɗai yake da shi, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ruwa ke zuba.

Kifin kansa, wanda a takardun hukuma za ka ga an rubuta crappie, faffaɗa ne, siririn jiki ta gefe, ƙirarsa ta yi kusa da ta karfasa, amma bakinsa ya fi faɗi kuma idonsa ya fi girma. Iri biyu ne. Akwai fari, mai ratsi-ratsi a tsaye a gefen jiki da ƙaya biyar ko shida a gadon baya. Akwai baƙi, mai ɗige-ɗige barkatai da ƙaya bakwai ko takwas. Launi yana ruɗar mutum, musamman a lokacin ƙwai da mazan farin ke yin duhu, don haka idan kana son tabbatarwa ka ƙirga ƙayar. Baƙin ya fi son ruwa garau mai ciyawa, farin kuwa yana jure ruwa mai laka, shi ya sa shi ne ya fi yawa a Grenada. Ba babban kifi ba ne. A yawancin tafkunan Amurka, wanda ya kai rabin kilo ya isa a yi murna da shi. Mafi girman farin kirafi da aka taɓa rubutawa a duniya kilo 2.35 ne, Fred Bright ya kama shi a shekarar 1957 a madatsar Enid, maƙwabciyar Grenada ta arewa, kuma har yau ba a wuce shi ba. Na baƙin kilo 2.47 ne, an kama shi a wani ƙaramin kududdufi a Tenesi a 2018. Na faɗi waɗannan ne don ka gane dalilin da ya sa mutane ke tuƙo mota daga jihohi masu nisa zuwa Grenada: a nan kifi mai kusan kilo ɗaya ba abin mamaki ba ne, ana kuma samun mai laba uku, wato kilo 1.36 ko sama, har garin yana alfahari da wannan.

Amsar tambayarka ta mako tana cikin tarihin tafkin. Grenada ba don masunta aka gina shi ba. Bayan babbar ambaliyar kogin Misisipi ta 1927, gwamnatin Amurka ta ɗora wa rundunar injiniyoyin sojanta aikin tare ruwan da ke gangarowa daga tuddan arewacin jihar zuwa kwarin kogin Yazoo. Aka gina madatsu huɗu a jere: Sardis a 1940, Arkabutla a 1943, Enid a 1952, sai Grenada a 1954 a kan kogin Yalobusha, inda kogin Skuna ke haɗuwa da shi. Duka huɗun suna kusa da babbar hanya mai lamba 55 da za ku biyo daga Memfis, kuma Grenada ita ce ta ƙarshe a kudu, kimanin kilomita 160. Tunda aikin tafkin tare ambaliya ne, kowace kaka ana sakin ruwansa har ya sauka sama da ƙafa 20, don a bar wa ruwan hunturu wuri. A cikarsa ta tsakiyar shekara faɗinsa ya kai kusan eka 35,000, amma a tsakiyar sanyi ba ya kai sulusin haka. Daga nan sai a riƙa barinsa yana hawa a hankali har zuwa farkon Mayu. Wato a daidai watannin da za ku je, bakin ruwan tafiya yake yi. Wurin da aka kama kifi ranar Asabar yana iya zama ƙarƙashin ruwa mai zurfi ranar Laraba idan an yi ruwan sama mai ƙarfi, ko kuma ya zama taɓo idan an buɗe ƙofofin madatsar. Taswira ba za ta gaya maka wannan ba.

Ruwan yana hawa, kifin kuma yana bin sa. Duk tsawon sanyi kirafi suna taruwa a tsoffin hanyoyin kogi da ke ƙarƙashin tafkin, suna bin garken ƙananan kifayen da suke ci. Da ruwa ya fara ɗumi ya kai wajen digiri 10 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas, sai su fara hawa, su tsaya a bakin ƙoramu da kan faffaɗan fili mai zurfin ƙafa shida zuwa goma sha biyu. Idan ya kai wajen 14 zuwa 15, mazan sukan riga shiga ruwa marar zurfi, wani lokaci ƙafa biyu kacal, kowanne ya share ɗan gurbi da wutsiyarsa a gindin kututture ko tsakanin saiwar kurmin da ruwa ya shanye. Matan suna tsayawa a baya kaɗan cikin ruwa mai ɗan zurfi. Sai ruwan ya kai wajen digiri 16 zuwa 18 suke shigowa, mace ta zuba ƙwanta dubbai a gurbin, ta juya ta koma. Namijin ne ke zama. Yana kaɗa wa ƙwan ruwa, yana korar duk abin da ya matso, har su ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, ya kuma ci gaba da gadinsu har su watse. A allon jirgin jagoranku ma'aunin Faranhait za ka gani, kuma lambar da kowa ke jira ita ce 60 zuwa 65.

To, wane mako ke nan? A arewacin Misisipi abin yakan faɗo tsakanin tsakiyar Maris da tsakiyar Afrilu, amma babu wanda zai ba ka ranar tun watan Janairu, duk wanda ya ba ka kuwa ciniki yake nema. Tsofaffin yankin suna duba itacen dogwud: idan ya fito da farin furensa a bakin daji, suna cewa kifi ya shigo gaɓa. Alama ce mai kyau, domin ɗumin da ke buɗe furen shi ne ke ɗumama ruwan. Abin da ke ɓata lissafi shi ne iskar sanyi daga arewa, wadda a watan Maris takan zo kusan kowane mako. Dare ɗaya na irin wannan iska ya isa ya sauke ɗumin ruwan gaɓa da digiri biyu ko uku, kifin ya ja da baya ya kulle bakinsa. Ranar da ta biyo bayan wucewar iskar, sama garau, rana tana haske, ita ce ta fi kowace rana wuya, ko da yake ita ce ta fi kyan gani. Kwana uku a jere na ɗumi, musamman idan dare bai yi sanyi ba, su ne abin nema.

Shawarata a nan ta dogara da abin da kuke so. Idan babban kifi kuke nema, ku je da wuri, ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris, lokacin da matan ke ɗauke da ƙwai suna da nauyinsu mafi yawa a shekara, amma ku shirya wa sanyi da iska da yiwuwar a soke tafiyar. Idan kuwa so kuke sabon shiga ya ji daɗi, ya ji kifi a hannunsa sau da yawa, makon ƙarshe na Maris zuwa na biyu na Afrilu ya fi tabbas. Tunda karonka na farko ne, ni na biyun zan zaɓa maka. Ku nemi ranar tsakiyar mako idan aiki ya bari, don ranar Asabar a wannan lokacin mashigar jirage cika take yi tun kafin gari ya waye. Kuma ku kira tun da wuri, jagororin kirki ana cike musu ranakun Maris da Afrilu watanni kafin lokacin.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, tambayar da za ka yi wa jagoran a waya kafin ku ba da kafin alƙalami: ta wace hanya za mu kama kifin? Hanyoyin sun bambanta ƙwarai, kuma ranar da za ka samu ta dogara da amsar.

Tsohuwar hanyar da ta yi wa Grenada suna ita ce jera dogayen sanduna a goshin jirgi, kowace tsawonta ƙafa 14 zuwa 16, a baje su kamar ƙafafun gizo-gizo, shi ne ma sunan da suke kiranta da shi. Kowace sanda da ɗan nauyin dalma da ƙugiya ɗaya ko biyu ɗauke da ɗan kifi mai rai. Mutum biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa a gaba, ƙaramin injin lantarki yana tura jirgin a hankali, bai kai ko rabin tafiyar ƙafa ba. Aikinka kallon kan sandunan. Da ɗaya ta lanƙwasa, ko zarenta ya karkace gefe, sai ka ɗaga. Tsawon sandar yana da dalili: a ruwa marar zurfi kifin yana jin jirgi yana gudu, don haka ana so ƙugiyar ta riga jirgin isa wurinsa. Hanya ce mai sauƙin koyo, tana ba da damar hira, kuma kana ganin yadda jagoran ke canza zurfi yana neman layin da kifin ya tsaya.

Ta biyu ita ce sanda ɗaya a hannu da abin da suke kira jigi, wato ƙugiya mai ɗan kan dalma na giram biyu zuwa huɗu, an ɗaura mata gashi ko roba mai laushi. Ana zura shi a hankali gindin kututture ko cikin kurmi, a riƙe shi cik, a ɗan motsa, a matsa gaba. A ruwan Grenada mai laka launuka masu ƙarfi ake sa wa, ruwan lemo, ɗanyen kore mai haske, baƙi, ko a haɗa biyu. Idan ruwa ya hau ya shiga daji, wasu sukan bar jirgin ma gaba ɗaya, su sa dogon wandon roba mai kaiwa ƙirji, su shiga da ƙafa tsakanin itatuwa. A wurina babu abin da ya kai wannan daɗi a duk harkar kirafi. Kana tsaye cikin ruwa iya cinya, kifin yana nesa da kai da tsawon sanda ɗaya, ka ji ya buga har cikin gwiwar hannunka. Amma ba kowace shekara ruwan ke kaiwa dajin a kan lokaci ba, kuma akwai ramuka da macizai masu dafi da ke fitowa da ɗumin Afrilu, saboda haka kada ka shiga sai tare da wanda ya san wurin.

Ta uku ita ce ta zamani, kuma yawancin jagorori yanzu ita suke yi. A shekarar 2018 kamfanin Garmin ya fito da na'urar LiveScope, wadda ke harba sauti gaban jirgi ta nuna a allo abin da ke motsi ƙarƙashin ruwa a daidai lokacin da yake motsin. Sauran kamfanoni suka biyo da irin nasu. Da ita jagora yana ganin kifi ɗaya tilo yana shawagi ƙafa talatin a gaba, ya kimanta girmansa, ya bar ƙanana ya bi babban, ya ce maka sauke, ƙara ƙafa ɗaya, tsaya, ɗaga. Kana kallon jiginka yana sauka a allo, kana kallon kifin ya juyo. Abin yana da ban sha'awa, kuma shi ya fi kawo manyan kifi, ba na musun wannan. Matsalarsa a wurin sabon shiga ita ce, idan jagoran ba mai haƙurin koyarwa ba ne, za ka yini kana bin umarni, ka koma gida da kula cike amma ba ka san dalilin da ya sa kifin yake wurin ba. Wata matsalar kuma ta shafe ku kai tsaye: wannan hanyar mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda, ko biyu da ƙyar. Ku uku ne. Ka tambaye shi ƙarara yadda zai raba muku lokaci, kuma ko jirginsa yana ɗaukar mutum uku cikin walwala. Idan ya ce zai haɗa hanyoyi biyu gwargwadon yanayin ranar, wannan alamar mutumin kirki ce.

Kowace hanya aka bi, abubuwa biyu game da jikin kifin ba sa canzawa. Idanunsa suna can sama a kai, kuma sama yake kallo idan zai ci. Abin da ya wuce ta ƙarƙashinsa ba ya bi. Don haka ana riƙe ƙugiya a samansa da taƙi ɗaya ko biyu, kuma kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne sauke ta ƙasa da yawa. Saboda yana tasowa ne daga ƙasa, sau da yawa ba za ka ji an ja ba, sai dai ka ga zaren ya saki kamar nauyin ya ɓace. Wannan ma ci ne, ka ɗaga. Na biyu shi ne bakinsa. Fatar da ke kewaye da leɓensa siririya ce ƙwarai, tana yagewa. Idan ka fizga da ƙarfi irin na mai kamun tarwaɗa, ƙugiyar za ta fito da ɗan guntun leɓe, kifin ya tafi. Ɗagawa ake yi da wuyan hannu, a riƙe zaren a miƙe, kada a bar shi ya saki, kada kuma a ɗaga babban kifi sama da sanda. Ka ja shi a saman ruwa har jagoran ya sa masa koma. Mafi yawan manyan kifayen da ake asara, a gefen jirgi ake asararsu, a daƙiƙar ƙarshe.

Sai maganar doka, kuma a nan ina da ra'ayi. Hukumar kula da namun daji da kamun kifi ta jihar Misisipi ta daɗe da hana ɗaukar kirafin da bai wuce inci 12 ba, wato santimita 30, a waɗannan tafkuna huɗu. Shekaru da yawa iyakar mutum ɗaya kifi 15 ne a rana. A 2024 aka rage zuwa 10, kuma jirgin da ke ɗauke da mutum uku ko fiye ba zai wuce 25 ba. Yawaitar na'urar hangen ƙarƙashin ruwa na cikin manyan dalilan da aka bayar. Akwai kuma iyaka a kan yawan sandunan da mutum zai baje. Dokokin suna canzawa, don haka ka duba shafin hukumar a intanet a makon tafiyarku. Kowannenku yana buƙatar lasisin kansa. Na jagora ba ya rufe ku, lasisin Tenesi kuma ba ya aiki a can. Akwai na baƙi na kwana ɗaya ko na kwana uku, ana saye ta intanet cikin 'yan mintuna.

Dalilin da ya sa nake goyon bayan ragin shi ne yadda kifin ke hayayyafa. Kirafi ba ya haihuwa daidai kowace shekara. Shekarar da ruwa ya hau da wuri ya shanye ciyawa da kurmi ya kuma zauna a can, 'ya'yan suna samun mafaka da abinci, sai a samu zuriya mai yawa. Shekarar da ruwa ya tsaya ƙasa a kan taɓo tsirara, ko aka sauke shi ana tsakiyar ƙwai, zuriyar takan yi ƙaranci ƙwarai. Kifin yana ɗaukar wajen shekara uku kafin ya kai inci 12, wanda ya kai kilo ɗaya kuwa ya fi haka shekaru, kuma kirafi ba mai tsawon rai ba ne. Wato kifayen da kuke kamawa bana 'ya'yan ruwan shekara uku ko huɗu da suka wuce ne. A da, babbar mace da ke shawagi ita kaɗai a tsakiyar tafki babu mai iya samunta sai da sa'a. Yanzu ana ganinta, ana zaɓenta. Ba na cewa kada ka ci kifi, don cin ne ma ake kama shi, kuma kirafi yana jure kamu fiye da kifaye da yawa. Abin da nake roƙonka shi ne, idan Allah ya ba ka babbar mace mai ciki cike da ƙwai, ka jiƙa hannunka, ka ɗauki hoto da sauri, ka mayar da ita. Masu inci 12 zuwa 14 sun fi daɗin suya, kuma su ne suka fi yawa. Ka gaya wa jagoran wannan niyyar tun da safe. Da yawansu za su ji daɗi, domin abincinsu na baɗi yana cikin ruwan nan.

Kada ka raina tafkin. Faffaɗa ne, ba shi da zurfi sosai a wurare da yawa, ga kututture birjik a ƙarƙashi a rassan Yalobusha da Skuna. Iska tana tayar da igiyar ruwa a kansa cikin ɗan lokaci. Ruwa mai digiri 12 yana kashe ƙarfin hannu da ƙafa cikin mintuna kaɗan ko ga wanda ya iya iyo. Rundunar injiniyoyin da ke kula da tafkunan huɗu ta wajabta sa rigar ceto idan ƙaramin jirgi yana tafiya da babban injinsa, kuma idan ba ka iya iyo ba, ka faɗa wa jagoran ba tare da jin kunya ba, ka bar rigar a jikinka har ku fito. Maris da Afrilu kuma lokacin hadari ne mai tsawa da guguwa a Misisipi. Dogayen sandunan nan na sinadarin kabon ne, suna ɗaukar lantarki. Idan jagora ya ji tsawa ya ce a naɗe a koma gaɓa, ko ya kira da daddare ya ce gobe ba za a fita ba, kada ku matsa masa. Wanda zai fita da ku cikin kowane irin yanayi don kada ya rasa kuɗin rana, shi ne abin tsoro.

Ka sa tufafi hawa-hawa, domin da asuba a kan jirgi mai gudu sanyin yana ratsa ƙashi, da azahar kuma sai ka cire. Rigar ruwan sama, hula, tabarau, abin sha da ɗan abinci sun isa. Sanduna, zare, jigi, ƙananan kifayen ƙugiya da man jirgi yawanci suna cikin kuɗin, amma ka tambaya. Kuɗin yini ɗaruruwan daloli ne, galibi an ƙayyade shi a kan mutum biyu, na uku da ƙari. Ka tambayi sa'o'i nawa ne, ko ana tashi da zarar an cika iyaka, da abin da zai faru da kafin alƙalaminku idan yanayi ya hana fita. Al'adar ƙasar ce a ƙara wa jagora wani abu a ƙarshe, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, idan ya yi aikinsa da kyau. Ka auna aikin da ƙoƙarinsa, don ranar da iska ta juya, jagoran da ya yi ta canza wuri har ya samo muku kifi shida ya fi wahala a kan wanda ya cika kula kafin ƙarfe goma a rana mai sauƙi.

A cikin jirgin ka yi ta tambaya. Me ya sa muka tsaya nan ba can ba? Nawa ɗumin ruwan yake, jiya nawa ne? Ruwan hawa yake ko sauka? Me ya sa ka canza launi? Za ka ji abubuwan da ba sa cikin littafi: cewa gaɓar arewa wadda ke samun rana kuma take fake daga iska ita ke fara ɗumi, cewa ruwa mai ɗan laka ya fi garau saurin ɗaukar zafi amma jan taɓon da ke biyo bayan ruwan sama korar kifi yake yi, cewa a farkon lokaci la'asar ta fi asuba domin rana ta yini tana dukan gaɓa. Da waɗannan za ka iya zuwa Sardis ko Enid, da suka fi kusa da Memfis, ka tsaya a bakin ruwa da sanda ɗaya da ɗan totuwa ka kama naka ba tare da ka biya kowa ba. Abu ɗaya da ba a yi: kada ka ɗauki alamar wurin jagora a wayarka a ɓoye don ka dawo. Idan kana so, ka tambaye shi.

Yawancin jagorori suna gyara kifin a ƙarshen rana, su yanko tsokar gefe biyu ba ƙaya, su zuba a leda. Ka tabbatar da haka tun a waya, ka kuma bar kula da ƙanƙara a mota, don tsokar kirafi fara ce mai laushi, ba ta son zafi ko kaɗan, kuma tafiyar awa ɗaya da rabi ce a gabanku. Wanda za ka ci cikin kwana biyu ka bar shi a kan ƙanƙara a firij, saura ka daskarar da shi cikin leda da ɗan ruwa don kada ya bushe. Mutanen yankin garin masara da gishiri da barkono suke turbuɗa shi, su jefa a mai mai zafi minti uku ko huɗu. Ba ya son doguwar dahuwa, a miya narkewa yake yi, don haka idan miyar kake so sai ka sa shi dab da saukewa. Wasu gidajen abinci a yankin suna soya wa mutum kifin da ya kamo. Idan abokan tafiyarka suka zaɓi haka, ka tambayi irin man da ake suyar da shi da abin da ke cikin ganye da waken da ake haɗowa, domin a girkin jihohin kudu na ƙasar Amurka ana yawan sa kitse ko naman alade a cikinsu.